Babbar wuƙar naɗewa: ta ado ce ko ta aiki?

Kamfanin Opinel na Faransa, mai ƙera wuƙaƙen naɗewa tun 1890, yana da lamba 13, wadda ruwanta ya kai santimita 22. Tana jan idon mai saye, amma aljihu ba ya ɗaukarta.

Ga maharbi, aibinta yana wajen mahaɗi. Ƙusa guda ke riƙe ruwa da ƙota. In ruwa ya yi tsawo, ƙusar ke shan wahala idan an kai ga ƙashi. Jini da kitse kuwa suna maƙalewa cikin tsagin ƙota, wankinsu sai da haƙuri. Wuƙar kube ba ta da wannan cuta.

Ɗan kasuwa mai yanke igiyar buhu, lamba 8, santimita 8 da rabi, ta ishe shi.