Koyon fiyano a Maraɗi: Atisayen yatsu ko waƙa, da wanne za a fara?

Matashin da ya fara koyon fiyano a Maraɗi yakan ci karo da shawara iri biyu. Bidiyoyin da yake kallo a YouTube suna ce masa ya dage da atisayen yatsu, hawa da sauka a kan maɓallai har hannu ya faɗa. A situdiyon unguwa kuwa abin da ake so a ji shi ne waƙar da ya iya daga farko har ƙarshe, domin ita ake biya a gidan biki.

Zaɓin yana da muhimmanci ga wanda fiyanon aro ce a hannunsa, ko wadda wansa ya aiko daga ƙasar waje, ga kuma wuta da ba ta cika tsayawa ba. Idan awa ɗaya ya samu a rana, a kan me zai kashe ta?

Asalin atisayen

Littafin atisaye mafi shahara shi ne na Charles-Louis Hanon, wanda ya fito a Faransa a 1873 da darussa 60. Kafin shi akwai Carl Czerny, almajirin Beethoven kuma malamin Liszt, wanda ya rubuta ɗaruruwan irinsu. Manufarsu ita ce yatsu biyar su yi daidai a ƙarfi da sauri, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi, waɗanda suka fi rauni.

Masu suka suna cewa mutum zai iya shafe awa yana maimaita Hanon hankalinsa na wani wuri, kunnensa bai ƙaru da komai ba. Idan kuma ya sandare wuyan hannu, ciwo zai iya biyo baya.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar ɗan Maraɗi. Darussan farko na Hanon a kan fararen maɓallai aka rubuta su, hannu biyu suna yin abu ɗaya a tare. Fiyanon da aka sani a ƙasar Hausa kuwa ba ta katako mai maɓalli 88 ba ce. Yawanci ta lantarki ce, irin Yamaha PSR mai maɓalli 61, wadda situdiyoyin Kano suka yayata ta waƙoƙin fim tun ƙarshen shekarun 1990, ta kuma bi hanyar Katsina da Jibiya ta shigo Maraɗi. A kanta hagu na riƙe da amon da ke juya kiɗan na'urar, dama na bin muryar mawaƙi. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, don haka makaɗin da bai saurari kalma ba zai iya karkatar da ita. Wannan ba ya cikin littafin Hanon.

Darasin da ke Tibiri da Jiratawa

Tazara kaɗan daga Maraɗi, a Tibirin Gobir, makaɗan fada sun daɗe da warware wannan gardama ba tare da littafi ba. Ɗan gidan makaɗa a cikin kiɗa yake tashi. Yana bin manya, yana amshi, yana ɗaukar kaya, kafin a bar shi ya taɓa babbar ganga.

Haka abin yake a kiɗan kalangun da ake yi a bukukuwan karkara, irin na yankin Jiratawa mai noman rani. Yaro da kuntuku yake farawa, ƙaramar gangar da ke riƙe da bugu ɗaya. Zai maimaita bugun nan sau ɗaruruwa a dare guda. Atisaye ne sosai, sai dai a tsakiyar fili ake yin sa, inda idan ya kauce masu rawa za su ji, ubangidansa kuma zai harare shi.

Wasu manyan mawallafan kiɗa na Turai ma nan suka dosa. Béla Bartók na ƙasar Hungary ya tsara darussa 153 a littafinsa Mikrokosmos tsakanin 1926 da 1939, kowanne ɗan kiɗa ne mai daɗin ji, da yawansu da ɗanɗanon kiɗan karkara. A Nijar kuwa, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai a 1978 da ogan na lantarki, inda ya juya karin waƙoƙin gargajiya zuwa maɓallai. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013.

Inda waƙa kaɗai take gazawa

Wannan ba ya nufin a jefar da atisaye. Waƙoƙin Hausa da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallan fiyano su ma sauti biyar suke bayarwa. Shi ya sa mai kunne yakan kama waƙa cikin kwanaki. Tarkon shi ne ya maƙale a wuri ɗaya, duk lokacin da mawaƙi ya ɗaga murya sai ya danna maɓallin da ke sauya amo. Ranar da aka sauya waƙa a tsakiyar biki, ko aka ba shi fiyanon da bai saba da ita ba, a nan asirinsa ke tonuwa.

Hanyar da malaman fiyano da dama ke bi ita ce a ciro atisayen daga cikin waƙar. Ɗalibi ya ɗumama yatsu na ƴan mintuna, ya kama waƙar da yake so, ya gano gaɓar da hannunsa ke tuntuɓe. Sai ya ware ta, ya buga a hankali, hagu daban dama daban, sannan ya haɗa. Idan ta zauna, ya matsar da ita zuwa wani maɓallin ya sake, ba tare da taimakon na'ura ba. Minti goma na ƙarshe kuma ya buga waƙar gaba ɗaya ba tsayawa, ya naɗa a waya, ya saurara kafin ya mayar wa mai fiyano kayansa.