Farantin Da Ke Narkewa Bayan Ya Ɗaure Ƙashin Kunci

A ce ɗan kabu-kabu ya faɗi tsakanin Fakku da Tambuwal, kuncinsa ya lotsa, baki ya ƙi buɗuwa sosai. Galibi ƙashin kunci ne ya karye. Wannan ya fi ƙarfin mai ɗori, sai likitocin tiyatar fuska, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

An saba ɗaure ƙashin da ɗan farantin ƙarfen titaniyam, wanda ba ya fita sai an sake tiyata. Yanzu akwai na wata roba ta musamman. Yakan riƙe ƙashin ya haɗe cikin kusan mako 6, daga baya jiki ya narkar da shi sannu a hankali, ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa.

Sai dai fa yana da tsada, kuma bai kai ƙarfe ƙwari ba. In ƙashin ya farfashe, titaniyam ya fi.