Kaduna: Garin da Layin Dogo Ya Haifa

Kano na da ganuwarta, Zariya na da fadarta, Katsina na da hasumiyar Gobarau. Kaduna kuwa ba ta gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne warwatse a bakin kogi, cikin ƙasar Zazzau, mutanensu na noma abinsu.

A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a gaɓar kogin Kwara, da nufin kwasar audugar Arewa zuwa masaƙun Ingila. Yawancin leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, ba da son ransu ba. Da aiki ya iso kogin Kaduna, tilas a yi gada, gada kuma sai da sansanin ma'aikata. Inda aka kafa bukkoki, mai tuwo da mai goro ba sa nisa. A 1911 jirgi ya shiga Kano, sai gyaɗa ta sha gaban audugar da aka yi aikin dominta.

A lokacin, hedikwatar Arewa na Zungeru, garin zafi da sauro. Da Gwamna Lugard ya dawo Arewa a 1912, sai ya ga Kaduna ta fi: ga ruwa, ga fili, ga jirgi, kuma babu fadar wani babban sarki kusa da zai raba iko da gwamna. Sojoji ne suka fara tarewa, sannan ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917. Bayan shekara goma layin Gabas daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan, Kaduna ta zama mahaɗar hanyoyin ƙasar.

Kowane tarago da irin mutanen da yake saukewa: akawuna da makanikai daga Kudu, fatake da mahauta daga Kano da Katsina, Nufawa, Barebari, tsofaffin sojoji da suka ajiye kaki suka ƙi komawa gida. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, sauran jama'a suka cika Sabon Gari da Tudun Wada. Da yake kowa baƙo ne, Hausa ta zama harshen kasuwa da bariki.

Ko masaƙar da aka buɗe a unguwar Kakuri a 1957, kusa da layin aka gina ta, domin a jirgi auduga ke zuwa, a jirgi yadi ke fita.