Fasfon Birtaniya Ba Katin Asibiti Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin 'yan Birtaniya mazauna ƙetare, har da 'yan'uwanmu da suka samu takardar zama ɗan ƙasa sannan suka koma Dubai ko Doha neman kuɗi, ko suka dawo Abuja da Kano. Ka tambayi mutum wace inshorar lafiya ya yi wa iyalinsa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai in abu ya yi tsanani jirgi kawai za mu hau zuwa Landan." Wannan ganganci ne, kuma masu ilimi ne suka fi yin sa.

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ba ta duba fasfo, zama take dubawa. Wanda ke zaune a ƙasar dindindin shi ke da haƙƙin magani kyauta a asibiti. Ranar da ka tattara komatsanka ka koma wata ƙasa, haƙƙin ya tsaya, ko da shekara ashirin ka yi kana biyan haraji. Tun 2015 asibitocin Ingila ke cajin baƙo kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, wato kuɗin da rabinsa a kai. Daga 2017 kuma aka wajabta karɓar kuɗin kafin a taɓa marar lafiya, muddin ciwon ba na gaggawa ba ne. Ganin likitan unguwa kyauta ne, haka sashen gaggawa, amma da zarar an ba ka gado lissafi ya fara. Mai juna biyu da ta je haihuwa ba za a kore ta ba, sai dai takardar bashi za ta biyo ta.

Abin takaici, wasu suna sane. Sai su bar sunansu a rajistar likita da adireshin gidan ƙane ko aboki, suna ganin dabara suka yi. Asibitoci na da jami'ai na musamman da aikinsu ke nan: su nemi takardar haya, takardar albashi, rasit ɗin wuta da ruwa. Me za ka nuna musu alhali 'ya'yanka na makaranta a Sharja? Wanda ya koma Birtaniya da niyyar zama na gaskiya, shi kam haƙƙinsa na dawowa nan take, in ya kawo hujja.

Can inda ake zaune ma ana sakaci. A Dubai doka ta tilasta wa kamfani yi wa ma'aikacinsa inshora, amma ta mata da yara tana wuyan maigidan da ya ɗauki nauyin bizarsu, sai in kamfanin ya ga dama. Mutane nawa ne suka karanta takardar inshorarsu har ƙarshe? A duba ko ta ƙunshi haihuwa, da ciwon da aka riga aka sani kamar sukari da hawan jini, da kuɗin ɗaukar majinyaci zuwa wata ƙasa. Kada a bari sai an kwanta a fara tambaya.

Batun karatu ma hanyar ɗaya ce. Makarantu masu manhajar Birtaniya a ƙasashen Larabawa na kuɗi ne, kowa ya san wannan. Inda ake shan mamaki shi ne jami'a. Kafin yaro ya biya kuɗin 'yan gida a Ingila, fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, ana so ya kasance mazaunin Birtaniya shekara 3 kafin fara karatun. In ba haka ba, kuɗin baƙi zai biya, wanda kan ninka wannan sau biyu ko fiye, ga shi ba rancen karatu. Akwai sassauci ga wanda aikin wucin gadi ya fitar da iyayensa, amma kowace jami'a ita ke yanke hukuncinta bisa takardu.

Don haka iyaye, ku adana kwantiragin aiki, da tikitin zuwa hutu, da shaidar gida in akwai. Kuma ku yi wannan lissafi tun yaro na da shekara 14, ba ranar da takardar jami'a ta iso ba.