Sunan da ke kan allon radiyo ba koyaushe ne gaskiya ba

Da maraice, a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, kusan kowace rumfa da radiyonta. Mai shayi yana da tasa. Direban da ke jiran lodin Tsibiri ya kunna ta mota. Manomin Jiratawa da ya kawo kayan lambu ya sa abin saurare a kunne, yana jin labari cikin salula. Yau wasu radiyoyin suna rubuta sunan tasha a kan ɗan allonsu. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci yana karanta sunan da kansa, kuma wannan abin murna ne. Amma akwai abin lura. Sunan nan yana iya zama ba daidai ba.

A da babu wannan damuwa. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, kuma a 1974 aka sa mata suna Muryar Sahel. Lokacin, in an ce "radiyo ta faɗa", kowa ya san wadda ake nufi. Daga 1994 ne gidajen radiyo masu zaman kansu suka fara aiki a ƙasa. Maraɗi ma ta samu nata, kamar Anfani da Sarauniya da Garkuwa. Ga kuma radiyoyin karkara. Ga na maƙwabta, tun da daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Kusan dukkansu suna magana da Hausa. Shi ya sa kunne kaɗai ba ya saurin rarrabe su.

Daga ina sunan yake zuwa?

Kowace tashar FM tana da lambarta, tsakanin 87.5 da 108. Lambar nan kamar rumfa ce a kasuwa: hukuma ce ke ba kowa tasa, don kada wani ya hau kan wani. Suna kuwa daban yake. Gidan radiyo ne ke aiko shi tare da murya, ta wata dabara da ake ce ma RDS, wadda ƙasashen Turai suka tsara a 1984. Kunne ba ya jin saƙon, amma radiyo mai allo tana kama shi ta rubuta. Wurin sunan ƙanƙane ne, baƙaƙe 8 kawai yake ɗauka. Dole a gajarta dogon suna. Ba kowace tasha ke aiko suna ba, kuma ba kowace radiyo ke iya nuna shi ba.

Abin da ya kamata a gane shi ne, mutum ne ke rubuta sunan cikin na'ura. Radiyo ba ta san gaskiya ba. Abin da aka ba ta shi take nunawa, kamar yaron da aka aika da wasiƙa bai san abin da ke ciki ba.

Yadda kuskure yake shiga

Na farko, ma'aikaci yana iya kafa sabuwar na'ura ya manta bai sa sunan gidansu ba. Sai allo ya riƙa nuna rubutun da na'urar ta zo da shi daga inda aka ƙera ta, ko sunan gidan da ya yi aiki da ita a da.

Na biyu, wata tasha takan karɓo shirin wata ta watsa. Murya ta wani gida ce, sunan da ke allo na wani. Mai saurare sai ya jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba.

Na uku, salula da radiyon mota suna ajiye suna. Wani lokaci ma mai gyaran waya ne ya rubuta shi da hannunsa. In tasha ta sake lamba ko ta daina aiki, tsohon sunan yana nan zaune. Misali, a watan Agusta na 2023 aka dakatar da watsa shirin RFI a Nijar. Wanda ya ajiye sunan cikin wayarsa zai ci gaba da ganin sa har ranar da ya goge.

Na huɗu, yanayin sama. Wani lokaci, musamman da asuba ko da dare, iska takan ɗauko tashar nesa ta kawo ta kusa. A FM, in biyu suka haɗu a lamba ɗaya, mai ƙarfi ce ke danne mai rauni. Murya ta sauya, amma allo yana iya daɗewa bai sauya suna ba.

Ko ƙasashen da suka ci gaba ba su tsira ba. A farkon 2022, a birnin Siyatil na Amurka, wata tasha mai suna KUOW ta aika saƙon hoto wanda ba a cika sunansa daidai ba. Radiyoyin wasu motocin Mazda, ƙirar 2014 zuwa 2017, suka rikice. Suka maƙale kan wannan tasha ɗaya, suka ƙi motsawa, har sai da aka sake musu kayan ciki. Ƙaramin kuskure ne a ofis, amma ya taɓa mutane da yawa.

Ina ruwan manomi da makiyayi?

Ruwansu babba ne. A ce manomi a Jiratawa ya ji an faɗi kuɗin buhun gero ko na wake. Ya duba allo, ya ga sunan tashar Maraɗi. Alhali muryar daga ƙetaren iyaka take, kuma da naira ake lissafi, ba da sefa ba. Dubu a can ba jika ba ce a nan. In ya ɗauki kayansa da wannan lissafi, ko ya sayar da araha, ko ya ƙi sayarwa ya koma gida da kaya, ga kuɗin mota ya tafi a banza.

A ce makiyayi a ƙasar Tsibiri ya ji sanarwar allurar shanu ranar kaza. Ya koro garke tun da asuba, ya yi tafiya mai nisa cikin rana. Ya iske ba kowa, domin sanarwar ta wata ƙasa ce. Dabbobi sun gaji, an yi asarar yinin kiwo. Abin da ya fi muni, in ranar gaskiya ta zo yana iya cewa ba zai sake wahala ba. Nan ne cuta ke samun ƙofa.

Haka ma labarin ruwan sama da lokacin shuka. Haka ma ganin wata. Akwai shekarun da Nijar da Najeriya ba su ɗauki azumi ko yin salla rana ɗaya ba. Wanda bai san tashar da yake ji ba zai kawo ruɗani cikin gari.

Abin da ya kamata a yi

Ɗaya: a riƙe lamba. Kowa ya rubuta lambar tashoshin da yake saurare cikin littafinsa, da sunan kowace a gefe. In tasha ta sanar da sabuwar lamba, a gyara.

Biyu: a jira tasha ta faɗi sunanta da bakinta. Gidajen radiyo suna faɗin sunansu da garinsu a farkon labaru da ƙarshen shiri. Haƙurin minti kaɗan ya fi asarar yini.

Uku: a lura da abin da ake faɗi. Wane kuɗi aka ambata, sefa ko naira? Waɗanne garuruwa? Waɗanne shugabanni? Nan take za a gane inda maganar ta fito.

Huɗu: in sanarwa ta shafi dukiya ko lafiya, a tambayi malamin gona, ko likitan dabbobi, ko maigari kafin a tashi. Tambaya ba ta ɓata tafiya.

Biyar: muryar da aka turo ta WhatsApp da kiɗan wata tasha a gabanta ba shaida ba ce. Kowa na iya manna kiɗan. A kunna tashar kanta a ji.

Shida: wanda ya ga sunan da ba daidai ba ya shaida wa gidan radiyon. Su ma ba su son a ɗora musu maganar wani, kuma gyaran ba shi da wuya ga ma'aikacinsu.

Karatu ya buɗe wa manoma da makiyaya ido, har suna karanta allon radiyo da kansu. Sauran aiki shi ne su san cewa rubutu ma hannun mutum ne, kuma hannu yana kuskure. Mai karatu na gari yana karantawa, yana saurare, sannan ya tabbatar kafin ya ɗaura wa jakinsa kaya.