Kwana Cikin Jirgin Sama: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani

A zamanin kakanni, mai niyyar zuwa Makka daga Damagaram ko Maraɗi yakan bi ta Barno da Wadai da Sudan, ya share watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya ga bakin Bahar Maliya. A yau jirgin sama yana ɗaukar maniyyata daga filin Diori Hamani na Yamai, ya sauke su Jidda ko Madina cikin awa 5 zuwa 6, tazarar kimanin kilometir 4.000. Amma gajartar tafiya ba ta kawar da wahala ba, musamman in da dare aka tashi. Da yawa daga cikin fasinjoji, galibi dattawa, sukan sauka da kumburin ƙafa da ciwon kai da bushewar maƙogwaro, alhali kuwa babban aiki yana gabansu.

Dalilin haka sananne ne. Jirgi yana tafiya a nisan metir 10.000 zuwa 12.000 daga ƙasa, inda sanyin waje yake kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili. Iskar da fasinja yake shaƙa a ciki daidai take da ta tudu mai metir 1.800 zuwa 2.400, wato kamar ta ƙololuwar duwatsun Bagzan a ƙasar Azbin. Danshinta kuma ba kasafai yake wuce kashi 20 cikin 100 ba, tamkar tsakiyar hunturu. Saboda haka wajibi ne matafiyi ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ya rage gahawa da shayi mai ƙarfi da goro. Waɗansu sukan ƙi shan ruwa don kunyar tashi zuwa ban ɗaki. Wannan kuskure ne babba, ma'aikatan jirgi suna nan domin nuna wa kowa hanya.

Haɗarin da ya fi girma shi ne daskarewar jini cikin jijiyar ƙafa. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye ba motsi yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu. Rigakafinsa ba shi da wuya: a sa tufafi masu yalwa, a sassauta takalmi, kada a cushe kaya a gaban ƙafa, a riƙa juya idon sawu, a kuma miƙe a ɗan taka bayan kowace awa ɗaya ko biyu. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki a asibiti kwanan nan, da wanda jininsa ya taɓa daskarewa, su ga likita kafin ranar tashi. Wanda ya ga sharaɓarsa guda ta kumbura tana zogi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko da kwanaki bayan sauka ne, ya gaggauta zuwa asibiti.

Game da barci, abinci mara nauyi ya fi tuwo mai cika ciki. A tanadi rigar sanyi da safa da ɗan matashin wuya, gama cikin jirgi yakan yi sanyi da tsakar dare. A ɗaura ɗamarar kujera bisa bargo, don kada girgiza ta sami mutum a sake. Kada a sha ƙwayar barci sai da iznin likita. Maganin hawan jini ko na ciwon sukari ya kasance cikin jakar hannu, kusa da mai shi. Lokacin sauka, hamma da haɗiyar miyau suna buɗe kunne. A tuna kuma agogon Saudiya yana gaban na Nijar da awa 2.

Yawancin dattawanmu ba su karatun jarida. Nauyi ne a kan ƴaƴa da jikoki da jagororin alhazai su zauna da su, su bayyana musu waɗannan abubuwa dalla-dalla tun kafin ranar rakiya.