Shirin Musamman: Kuskuren Bugu Ne Ko Cin Sinadari?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na yau na masu tara tsofaffin sulalla ne, da duk wanda ya gaji gwangwanin kwabbai a ɗakin kaka. Idan ka ga kwabo ya fita daban da 'yan'uwansa, haka aka bugo shi, ko sinadari ne ya ci shi daga baya? Na farkon yana iya yin tsada sosai. Na biyun kuwa ya riga ya lalace.

Kuskuren bugu a cikin gidan buga kuɗi yake faruwa, kuma kullum akwai hanyar da ya bi. A 1955, a Filadelfiya ta Amurka, hatimin buga santi ɗaya ya ɗauki zane sau biyu a ɗan karkace, sai rubutu da shekara suka fito biyu-biyu. A 2008 kuma, gidan buga kuɗin Birtaniya ya haɗa tsohon hatimin fuska da sabon hatimin baya, sai aka fitar da sulallan fensi 20 babu shekara a jikinsu. Duka biyun, ƙarfen lafiya lau yake, nauyi cikakke, ƙyalli yana nan.

(Gajeren kiɗa)

Shi sinadari ragewa yake yi. Asid yana cin kwabo ta ko'ina lokaci guda: kauri ya ragu, faɗi ya ragu, haruffa su sirance, fuska ta yi ƙananan ramuka kamar zanzana. To, ga inda ake ruɗewa. Akan buga kwabo a kan ƙarfen da bai kai kauri ba, shi ma ba nauyi. Amma wannan faɗinsa daidai yake, fuskarsa sumul, zanen ne kawai bai fito sosai ba, domin hatimi bai sami ƙarfen da zai cika shi ba. Saboda haka sikeli kaɗai bai isa ba. A auna faɗi, a duba da madubin ƙara girma.

A duba gefe ma. Tun 1965 kwata, wani kuɗin ƙarfe na Amurka, tagulla ce a tsakiya, an rufe ta sama da ƙasa da gamin tagulla da nikel. Asid ya fi saurin cin tsakiyar, sai ya bar kwari a zagaye da gefen. Injin bugu ba ya yin wannan.

Wani lokaci ƙari ake yi da gangan. A 1943, saboda yaƙi na bukatar tagulla, Amurka ta buga santi da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. 'Yan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure, suka zama abin nema. Macuta sai suka riƙa shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla. Maganaɗisu yana tona su nan take: na jabu yana mannewa, na gaske ba ya mannewa, kuma nauyinsa giram 3.11 ne, na ƙarfen 2.7.

Mu ma muna da namu darasin. Aninin farko na 1907, mai huda a tsakiya da tauraro, da alminiyum aka buga shi. Danshi ya riƙa cin sa, har a 1908 aka koma gamin tagulla da nikel. Wanda ya tsinci irin wannan anini ya yi fari-fari ya rarake, aikin ƙasa da damina ne.

Masu saurare, roƙona guda ne: kada ku wanke tsohon kwabo. Lemun tsami, tsamiya, toka, ruwan batir, duk suna cire fatar da shekaru suka yi masa, kuma ba ta dawowa. A riƙe shi ta gefe, a ajiye a busasshen wuri, a guji leda mai laushi da ke bar masa kore-kore. Kafin ku saya ko ku sayar, ku auna, ku gwada da ɗan'uwansa na shekara ɗaya, sannan ku tambayi kanku: ta yaya inji zai iya yin wannan? In babu amsa, ku riƙe kuɗinku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufewa)